Baiwar Hannu Ma Baiko Ce: A Ba Yara Gayaunarsu a Cikin Ikilisiya

A wannan fitowa mun ɗan ajiye maganar taki da maganin ƙwari. Za mu yi magana ne a kan wani iri da kowace ikilisiya take da shi, amma sau da yawa yakan kwana a rumbu har ƙwari su cinye shi. Irin nan shi ne baiwar da Allah ya ba kowane mai bi, babba da yaro.

Halin da muke ciki

Duk wanda ya san ƙasar Gobir ta kudu, daga Kamarawa da Isa har zuwa Sabon Birni da bakin iyakar Nijar, ya san masu bin Almasihu ba su da yawa a nan. Muna zaune ne cikin maƙwabtanmu Musulmi, muna cin kasuwa ɗaya da su, muna noman fadamu ɗaya a bakin gulaben nan da ke gangarawa su zama Rima. Taron sujada a wurinmu yakan zama gidaje kaɗan ne, wani lokaci a ƙaramin ɗaki, wani lokaci a ƙarƙashin rumfa.

A kan wannan kuma sai ga wahalar 'yan bindigar daji, wadda ba ta bar Musulmi ba, ba ta bar Kirista ba. Tun daga shekarar 2019 dubban mutanen Isa da Sabon Birni suka tsallaka iyaka zuwa jihar Maraɗi domin neman mafaka. Waɗansu suka nufi Sakkwato, waɗansu suka watsu cikin dangi. An bar gonaki da yawa ba noma. Ga kuma tsohuwar al'adarmu ta cin rani, wadda kan kwashe samari da zarar an gama girbi.

To, ga tambayar da muke so kowace ƙungiya ta yi wa kanta. Idan mai bishara ya yi tafiya, ko hanya ta rufe ya kasa zuwa har wata uku, wa zai buɗe Littafi Mai Tsarki ran Lahadi? Wa zai ta da waƙa? Wa ya san inda aka rubuta bashin iri da sunayen waɗanda suka biya? A wurare da yawa amsar ita ce mutum ɗaya ko biyu, su ma gashin kansu ya fara fari. Ikilisiyar da dukan hidimarta ke wuyan mutum ɗaya tana kama da jinka mai ginshiƙi ɗaya. Ranar da gara ta ci ginshiƙin, sai a kwana a waje.

Baiko ya fi kwanon baiko faɗi

In aka ce baiko, tunanin yawancinmu yakan tafi ga kwanon da ake zagayawa da shi bayan wa'azi. Wanda ba shi da naira a aljihu sai ya sunkuyar da kai, yana ganin shi bai kawo wa Allah kome ba. Manomi kuwa kuɗinsa na lokaci ne. Yana da shi da kaka, ba shi da shi a tsakiyar damina. Idan kuɗi ne kaɗai baiko, ashe ke nan manomi zai yi rabin shekara yana zuwa sujada hannu wofi.

Littafi Mai Tsarki bai koya mana haka ba. A Littafin Fitowa, sura 31 da sura 35, sa'ad da za a yi alfarwa ta sujada a jeji, Allah ya kira Bezalel da sunansa, ya cika shi da Ruhunsa domin aikin ƙira da sassaƙa da gyaran duwatsu. Ku lura da abu biyu a nan. Na fari, gwanintar maƙeri da masassaƙi daga wurin Allah take, kamar yadda ta mai wa'azi take. Na biyu, an ba Bezalel da abokin aikinsa Oholiyab baiwar koya wa waɗansu kuma. A cikin sura 35 ɗin dai an ambaci matan da suka kaɗa zare da hannunsu, har da gashin awaki, suka kawo. Ba a raina aikin mazari ba.

A Ayyukan Manzanni sura 9 ga Dokas ta garin Yafa. Ba a rubuta mana wa'azinta ko ɗaya ba. Abin da gwauraye suka nuna wa Bitrus suna kuka, riguna ne da ta ɗinka musu. Allura da zare su ne baikonta.

Sai kuma misalin talanti a Matiyu sura 25, wanda kowa ya sani. Talanti ma'aunin kuɗi ne mai nauyi. Talanti ɗaya ya kai wajen dinari 6,000, dinari ɗaya kuwa shi ne ladan ma'aikaci na yini guda. Wato bawan nan da aka ba talanti ɗaya, wanda muke jin tausayinsa cewa nasa kaɗan ne, an danƙa masa ladan aikin shekara da shekaru. Bai ci kuɗin ba, bai kuwa sace ba. Laifinsa shi ne ya haƙa rami ya binne, domin tsoro. Mu manoma mun san irin da ake sa wa a ƙasa ya tsiro, mun kuma san wanda ake ɓoyewa ya ruɓe. Kowane mai bi, ko bai san baƙi ko ɗaya ba, an ba shi abin da ya fi ƙarfin a raina.

A ƙidaya dukiyar ƙungiya

Kowace ƙungiya takan ƙidaya buhunan da ke ɗakin ajiya, da garmuna, da shanun huɗa. Muna ba da shawara a ƙara wata ƙidaya. A zauna rana ɗaya bayan sujada, magatakarda ya buɗe sabon shafi, a bi mutane ɗaya ɗaya a rubuta abin da kowa ya iya. Kada a bar mutum ya faɗi nasa shi kaɗai, gama kunya za ta sa ya ce bai iya kome ba. Maƙwabtansa su faɗa.

Za ku sha mamaki. Akwai magini, akwai mai ɗaurin jinka, akwai mai saƙar tabarma da faifai. Akwai maƙerin da zai gyara ƙarfen da ake bugawa domin kiran sujada. Akwai tsohuwar da ta san kowane ganye da amfaninsa, akwai wadda ta iya karɓar haihuwa. Akwai mai murya, akwai mai hannun kiɗa, akwai mai shirya sabuwar waƙa a kan labarin Littafi Mai Tsarki da salon ƙasarmu. Akwai wanda in biyu suka yi faɗa a kan iyakar gona, shi ake kira ya sasanta. Akwai yaron makarantar da lissafinsa ya fi na ma'aji sauri.

Zumuntar Mata ta riga ta nuna mana hanya. Ba su jira an kawo musu kayan kiɗa daga ƙasar waje ba. Tulun da ake ɗebo ruwa da shi suka ɗauka, da ƙwarya, da caki, suka mai da su kayan yabon Allah, har yanzu in suka tashi waƙa ba mai iya zama shiru. Abin da ke tsakar gida suka kawo, Allah kuwa ya karɓa.

Bayan an rubuta baiwar kowa, sai a ja layi na biyu a gefen shafin. A gaban kowane suna a rubuta sunan yaro ko yarinyar da za ta koya daga wurinsa. Wannan layi na biyu shi ne ainihin maganarmu ta yau.

Darasi daga ƙetaren iyaka

Tsibiri da Maraɗi ba baƙin wuri ba ne gare mu. Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808 da yaƙin Gawakuke na 1836, Gobirawa suka kafa Tsibiri, daga baya waɗansunsu suka dawo kudu suka kafa Sabon Birni. Harshe ɗaya ne, ƙasa iri ɗaya, gero iri ɗaya. A Tsibiri ne mishan ta SIM ta buɗe tasha a ƙarshen shekarun 1920, bayan ta fara aiki a Damagaram a 1924. Daga nan aka sami Gobirawa masu bi, aka kuma sami makarantu inda 'ya'yansu suka koyi karatu.

A wannan yanki ne wani abu ya faru da ya kamata kowane manomi ya sani. Bayan farin 1973 ƙasar Maraɗi ta zama fili fetal. An sare itatuwa domin noma da makamashi, iska tana kwasar yashi tana binne shuka, har manomi yakan sake shuka sau biyu ko uku kafin ta kama. Aka kashe kuɗi da yawa wajen rainon dashe a kai ƙauyuka, amma mafi yawansu suka mutu, waɗansu saboda ƙishirwa, waɗansu a bakin awaki.

Wani malamin gona ɗan ƙasar Ostareliya, Tony Rinaudo, wanda ke aiki da SIM a Maraɗi, yana cikin masu wannan fama. A shekarar 1983 ya tsaya ya dubi 'yan tsirukan nan da ke fitowa ko'ina cikin gonaki, waɗanda manoma ke sassabewa kowace shekara kafin shuka. Da ya duba ganyensu da kyau sai ya gane ba ciyawa ba ce. Tohon itatuwan da aka sare ne tun da daɗewa. Kututturen yana nan da rai a ƙarƙashin ƙasa, saiwarsa ta riga ta kai ga laima. Kurmin da ake ta neman shukawa ashe yana nan, ana yanke shi ne kowace bazara.

Dabarar da ta fito daga nan ita ce wadda manoman Nijar ke kira sassabin zamani. Maimakon a share kututture ƙaf, sai a zaɓi toho mafi ƙarfi da miƙewa, daga ɗaya zuwa biyar, a sare sauran. Waɗanda aka bari a datse musu ƙananan rassan ƙasa da wuƙa mai kaifi, a tsare su daga dabbobi da wuta. Tun da yake saiwar tsohuwa ce, tohon yakan yi saurin girma fiye da dashe nesa ba kusa ba. Da farko mutane sun yi dariya, suna cewa gona mai itace gonar rago ce. A yunwar 1984 aka haɗa dabarar da shirin ba da abinci a bakin aiki, sai manoma da yawa suka gwada. Waɗanda suka ci gaba suka ga amfaninta: ga makamashi, ga abincin dabbobi, ga iska ta rage cin shuka. Kalgo da sabara da magarya da gawo suka dawo gonaki. Daga manomi zuwa manomi dabarar ta bazu, har masu bincike suka kiyasta cewa an maido da itatuwa kimanin miliyan 200 a kan hekta miliyan 5 a ƙasar Nijar. A 2018 aka ba Rinaudo babbar lambar yabo ta duniya saboda wannan aiki.

Muna roƙon kowace ƙungiya ta gwada sassabin zamani a gonakinta a bazara mai zuwa. Amma mun kawo labarin ne saboda wani dalili kuma. Ikilisiyoyi da yawa suna zuba ido ga hanya, suna jiran ranar da za a aiko musu da fasto daga birni, ko malamin waƙa, ko mai ilimin da zai riƙe littafin ƙungiya. Wannan shi ne dashen da ake kawowa daga nesa. Yana da kyau in an samu, sai dai ba kullum yake kamawa ba. Alhali kuwa ga toho nan a bayan ɗakin sujada, a zaune a ƙasa, ana daka musu tsawa su yi shiru. Saiwarsu tana cikin ƙasar nan. Sun san harshen, sun san mutanen, sun san wahalar. Yaron da aka yi shekara goma ana ce masa ya koma baya ya zauna, an sassabe shi sau goma ke nan. Ranar da ya yi gemu ya tafi cin rani bai sake neman ikilisiya ba, kada a yi mamaki.

Gayaunar yaro

Kakanninmu sun san yadda ake yin manomi. Ba sa jira yaro ya balaga kafin su nuna masa gona. Tun yana ƙarami yana bin sawun uba yana jefa iri a rami, yana rufewa da ƙafa. In ya ɗan tasa a sa maƙeri ya ƙera masa fartanya daidai hannunsa. In ya ƙara girma a yanka masa gayauna, wadda mutanen Maraɗi ke kira gamana, ya noma da kansa bayan aikin gandu. In ya yi sakaci ciyawa ta cinye, ya gani da idonsa. In ya yi ƙwazo, damin nasa ne. A gayauna ake koyon riƙon gandu.

Haka Allah ma ya yi da yara. Sama'ila yana yaro yake hidima a gaban Eli, har mahaifiyarsa takan ɗinka masa 'yar riga kowace shekara ta kai masa, shi ne kuma mai buɗe ƙofofin ɗakin Ubangiji da safe. Yarinya ce baiwa a gidan Na'aman ta faɗi inda maigidanta zai sami warkarwa daga kuturta. Ranar da Yesu ya ciyar da mutum 5,000, gurasa biyar da kifi biyu na wani yaro ne aka sa a hannunsa. A 1 Tarihi sura 25, mawaƙan Haikali suna hidima ne a ƙarƙashin iyayensu, aka kuma raba aikin ga malami da almajiri duka. Sa'ad da almajirai suka so su kori yara, Markus sura 10 ta nuna mana cewa ran Yesu ya ɓaci.

Makarantar Lahadi abu ce mai kyau, kada kowa ya yi wasa da ita. Robert Raikes da ya yaɗa ta a Ingila daga 1780, 'ya'yan talakawa masu aikin ƙarfi dukan mako ya tara, ya sa a koya musu karatu. Mu ma a nan, inda makarantu da yawa suka sha rufewa saboda rashin zaman lafiya, makarantar Lahadi tana iya zama wurin da yaro zai riƙe karatunsa kada ya manta. Amma koyarwa kaɗai ba ta isa ba. Sai an ba yaro aikin da in bai yi ba kowa zai ga giɓin. Ga yadda muke ganin za a iya rabawa.

1. Ƙanana, 'yan ƙasa da shekara 7. A ba kowane ɗaya itace guda a harabar ikilisiya, zogale ko dogon yaro, ya riƙa ba shi ruwa da ɗan gwangwani. A koya musu gajerun ayoyi da amshin waƙa. A bar su su sa nasu baiko a kwano da hannunsu, ko da gyaɗa ce cikin tafi.

2. 'Yan shekara 7 zuwa 11. Su buga ƙarfen sujada, su shimfiɗa tabarmi, su cika randa, su raba littattafan waƙoƙi su kuma tattara su. Masu hannun kiɗa a ba su caki su tsaya kusa da Zumuntar Mata.

3. 'Yan shekara 12 zuwa 15. Su karanta nassi a gaban jama'a, bayan sun gwada karatun a gaban wani dattijo ran Asabar. Su zagaya da kwanon baiko, su zauna tare da ma'aji lokacin ƙidaya. Ranar rabon iri ko karɓar bashi, yaro ya riƙe mudu, wani ya rubuta a ƙaramin littafi, sa'an nan a gwada da na magatakarda.

4. Samari da 'yan mata daga shekara 16. Su ta da waƙa, su koyar da ƙanana a makarantar Lahadi, su bi dattawa gaida marasa lafiya. Kowace ƙungiya ta naɗa mataimakin magatakarda da mataimakin ma'aji daga cikinsu, a kuma ba su damar magana a taro.

A cikin wannan duka kada a ware 'yan mata a ce nasu shara da ɗebo ruwa ne kawai. Yarinyar da ta iya karatu ta karanta, wadda ta iya lissafi ta riƙe littafi. Timoti daga wurin kakarsa Loyis da mahaifiyarsa Afiniki ya gaji bangaskiya. Yarinyar da aka koya wa yau, gida guda aka koya wa.

Gonar Ubangiji

Akwai wata hanya da ta dace da manoma ƙwarai. A shekarar 1922, a garin Bluffton na jihar Jojiya a Amurka, wani fasto mai suna H. M. Melton ya roƙi manoman ikilisiyarsa kowa ya keɓe eka ɗaya, abin da ta bayar ya zama na aikin Allah. Daga 1930, lokacin da kuɗi ya yi wuya ƙwarai a ƙasar, wata ƙungiyar manoma a jihar Karolina ta Arewa ta ɗauki shirin ta yaɗa shi cikin ikilisiyoyin karkara. Wanda ba shi da gona ya keɓe ɗan maraƙi ko kaza. Mata suka riƙa keɓe ƙwan da kajinsu suka saka ran Lahadi. Yara ma suka shiga da nasu kiwo.

Mu ba baƙi ba ne ga wannan, gama mun san gayya. A yanka ɗan fili kusa da gari, a raba shi biyu: babban na manya, ƙaramin na yara. Na yara su ne za su zaɓi abin da za a shuka, wake ko gyaɗa ko kuɓewa, tare da shawarar manomi ɗaya mai haƙuri da ƙungiya ta zaɓa. Su ne za su rubuta ranar shuka, da ranar noman fari, da ta maimai, da yawan mudun da aka samu. A nan za a koya musu barin toho da datse shi. A ranar godiyar kaka su shigo da amfanin gonarsu da kansu, su ajiye a gaba, a yi addu'a a kansa. Sa'an nan a tambaye su abin da suke so a yi da shi. In sun ce a sayi alli da littattafai, ko a kai wa wata gwauruwa, ko a taimaki iyalin da suka gudo daga ƙauyensu, a yi yadda suka ce.

Inda fita gona ke da hatsari, sai a koma kiwon tsakar gida. A ce gidaje goma ne, kowane gida ya ba yaro kaza ɗaya da sunan Ubangiji. Kaza takan ƙyanƙyashe cikin kwana 21. Kafin shekara ta zagayo yaron ya ga yadda ɗaya take zama da yawa, ya gane misalin talanti fiye da yadda wa'azi zai gane da shi. Sai dai a nemi malamin dabbobi ya yi musu rigakafi kafin hunturu, lokacin da cutar nan mai share kaji takan shigo.

Gargaɗi ga manya

Na fari, hidimar yaro ba aikin bauta ba ce. Kada a fitar da yaro daga makaranta da sunan gonar ikilisiya, kada kuma a ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa. Awa ɗaya ko biyu da sanyin safiyar Asabar sun isa.

Na biyu, ran yaro ya fi kowane dami. Kada a aiki yara gona mai nisa, kada su fita ba manya tare da su, kuma manyan su zama aƙalla biyu, mace tana ciki in akwai 'yan mata. In labari ya zo cewa daji ba lafiya, a bar gonar.

Na uku, yaro zai yi tuntuɓe. Zai sarƙe a tsakiyar karatu, zai ɗauki waƙa da muryar da ta yi sama da yawa, zai ɓata lissafi. Kada a yi masa dariya, kada a ƙwace littafin daga hannunsa a gaban jama'a. A gyara masa a keɓe, a sake sa shi mako mai zuwa. Da rarrafe yaro kan tashi.

Na huɗu, a yi adalci. Kada hidima ta zama gadon 'ya'yan fasto da na dattawa. Maraya da ɗan baƙon da ya gudo jiya su ma a rubuta sunansu. Mai in'ina da ba ya iya karatu a fili yana iya zama gwanin kiɗa ko gwanin kiwo.

Na biyar kuwa ya fi duka wuya. Sai manya sun yarda su matsa gefe. Wanda ya shekara ashirin yana ta da waƙa, zai ji wani iri ranar da yarinya 'yar shekara 16 ta tsaya a wurinsa. Ya tuna da Bezalel, wanda koyarwa tana cikin baiwarsa. Kuma kada hidimar ta zama gasar nuna gwaninta. Mai waƙa da mai shara gaban Ubangiji ɗaya suke tsaye, yabon kuwa nasa ne.

Kafin ruwan shuka

Watannin rani su ne lokacin shiri. Muna roƙon shugabannin ƙungiyoyi su karanta wannan takarda da ƙarfi a taro na gaba domin waɗanda ba su iya karatu ba, sa'an nan a tattauna waɗannan tambayoyi:

1. Waɗanne ayyuka ne a ikilisiyarmu da ƙungiyarmu mutum ɗaya tak ya iya su?
2. Wane yaro ko yarinya za a haɗa da shi, kuma daga wace Lahadi za a fara?
3. Akwai wanda ya daina zuwa sujada domin ba shi da abin sa wa a kwano? Me ya iya da hannunsa?
4. Ina filin da za a yanka wa yara, kuma wa zai tsaya musu?

Waɗanda suke zaman gudun hijira a Maraɗi ko Sakkwato ko wani wuri, wannan magana taku ce ku ma. An bar gona da rumbu a baya, amma waƙar da ke bakin yarinya da karatun da ke kan yaro sun tsallaka tare da ku. Ku taru ko gida uku ne, ku ba kowane yaro aikinsa.

Ƙungiyar da ta gwada ta aiko mana da labarin yadda abin ya tafi, da daɗinsa da wuyarsa, domin sauran 'yan'uwa su ƙaru. Allah ya ba ƙasarmu zaman lafiya, ya kai mu damina mai albarka, ya raya mana yaranmu cikin tsoronsa. Amin.